Sabuwar mota mai sauƙin kuɗi ta ƙi kamuwa: in jira ko in ci bashi?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya: "Na daɗe ina tara kuɗin sabuwar ƙaramar mota don kai wa kwastomomi kaya. Duk sanda na kusa cikawa sai in tarar farashi ya ƙara gaba. In jira ya sauko, ko in ci bashi in cike?"

Alhaji, Allah ya yi wa nema albarka. Gaskiyar magana, kada ka ɗora lissafinka a kan saukowar farashi. A 2004 kamfanin Dacia na Romaniya ya fito da Logan, wadda aka riƙa kira motar yuro 5,000. Yau Sandero, ɗaya daga cikin mafi arha a motocinsa, ta haura ninkin wannan kuɗin.

Ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ya addabi masana'antu a 2021 ya wuce, amma farashi bai koma gidan jiya ba, domin akwai dalilan da suka zo zama. Tun Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta wa kowace sabuwar mota birki mai kama kansa da na'urar gargaɗin gudu. Kuɗin waɗannan kaya a ƙaramar mota da babba bai da wani bambanci sosai, ga shi ribar ƙaramar ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa kamfanoni ke janye jiki daga ƙananan motoci: Ford ya daina ƙera ƙaramar motarsa Fiesta a 2023.

Abin da ya fi damuna shi ne jarinka. Ɗauki biro ka rubuta abin da kake kashewa a hayar mota kowane wata. A gefe ka jera biyan bashi, mai, inshora da gyara. In na biyun ya rinjayi na farkon da nisa, motar za ta riƙa cin uwar kuɗi ne, ka haƙura tukuna, ko ka nemi wadda ta yi shekara 2 ko 3 a hannu, bakanikenka ya duba ta ciki da waje.

In kuwa lissafi ya fita, sayi samfurin da ya fi arha, marar ƙyale-ƙyale. Dila zai fara zaunar da kai a mai babban allo da kujerun fata, alhali kwalayenka ba ruwansu da wannan. Kafin ka sa hannu, ce masa ya rubuta maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshen bashin, ba na wata ɗaya kaɗai ba.