Shin Ndyuka Yaren Afirka Ne Ko Turancin Buroka?

Tambaya: Malam, na ji wasu baƙaƙen fata a Kudancin Amurka suna wani yare mai suna Ndyuka, har na tsinci "pikin" da "sabi" a bakinsu. Yaren Afirka ne, ko Turancin Buroka ne irin na Legas?

Amsa: Kunnenka bai yaudare ka ba. "Pikin" (yaro) da "sabi" (sani) suna cikin Ndyuka, kuma dukansu daga Fotugisanci suka samo asali, kamar yadda suka shigo Burokan Najeriya. Amma Ndyuka harshe ne mai zaman kansa, uwa tana rainon ɗanta da shi.

An haife shi ne a gonakin rake na ƙasar Surinam. Turawan Ingila ne suka fara kafa gonakin wajen 1650, kafin ƙasar ta koma hannun Holan a 1667. Shi ya sa yawancin kalmominsa na Turanci ne, duk da cewa mulkin Holan ne ya daɗe. Bayin da aka kwaso daga gaɓar Ghana, Benin da Kongo suka ɗora masa karin murya da kalmomin gida, har da sunayen ranar haihuwa irin Kofi da Kwaku.

Masu harshen jikokin bayin da suka tsere daji ne. Sun addabi gonakin da hare-hare har Holan ta ƙulla sulhu da su ranar 10 ga Oktoba 1760, ta amince da 'yancinsu, shekara ɗari da uku kafin a soke bauta a ƙasar. Sun zauna bakin kogin Tapanahony da Marowijne, sarkinsu kuma, wanda suke kira gaanman, fadarsa na Diitabiki. Dangi ta wajen uwa ake lissafa shi.

Harshen ya sauya a daji. Sun yar da "r" a wurare da yawa: inda ɗan Paramaribo, babban birnin Surinam, zai ce "watra" (ruwa), su "wataa" suke cewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne Afaka Atumisi, wanda ya ƙirƙiro wa harshen rubutu na kansa wajen 1910, alama 56, kowace tana wakiltar gaɓa guda. Kaɗan ne suka iya shi, boko ne ya yi rinjaye.

Yaƙin basasar Surinam na 1986 zuwa 1992 ya kora dubban masu harshen zuwa maƙwabciyarta Gayana ta Faransa, don haka yau za ka ji Ndyuka sosai a kasuwar Saint-Laurent-du-Maroni.