Saukar T3 da rikicewar bugun zuciya bayan tiyata

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce an yi masa aikin bawul ɗin zuciya, a kwana na uku bugun ya rikice, gwaji ya nuna T3, wato ɗaya daga cikin sinadaran tayirod da ke yawo a jini, ya sauka amma likita bai rubuta maganin tayirod ba, shi ne kike tambaya ko sakaci ne. Na daɗe ina aikin jinya a nan Kaduna, kuma masu dawowa daga irin wannan tiyata sukan biyo ta hannunmu.

Ni ban ga sakaci ba. Idan jiki ya sha wuya, musamman idan an ɗora mutum a kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu lokacin tiyata, yakan rage juya sinadarin T4 da tayirod ke fitarwa zuwa T3, alhali tayirod ɗin da ke wuya lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa likitoci sukan duba TSH, wato sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki, su bari a murmure, sannan a maimaita gwajin bayan kamar mako 6. Rikicewar bugun kuwa tana samun kusan mutum ɗaya cikin uku bayan aikin zuciya, yawanci a kwana na biyu ko na uku, kuma ga mafi yawa takan lafa cikin 'yan makonni.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake bayarwa domin daidaita bugun. Ki duba katinsa ko akwai amiodarone. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 tana ɗauke da aidin, sinadarin da tayirod ke aiki da shi, wajen miligiram 75, alhali abin da babba ke bukata a rana bai kai ko miligiram ɗaya ba, don haka yana iya kashe wa tayirod ƙarfi ko ya zaburar da shi, har bayan watanni da daina sha. Na ga dattijon da aka kawo mana cikin hunturu yana jiƙe da gumi, hannunsa na rawa har shayi yana zuba, ya rame, iyalinsa kuma suna ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ashe amiodarone ne ya zaburar da tayirod ɗinsa.

Idan Baba yana shan amiodarone, a riƙa gwada TSH duk wata 6. Idan kuma an haɗa masa da warfarin, maganin hana jini daskarewa, a yawaita gwajin INR mai auna saurin daskarewar jini, domin amiodarone yana ƙara masa ƙarfi, jini ya tsinke. Kada ya daina ko ɗaya sai da izinin likitansa, kuma in harshe ya karye ko ɓarin jiki ya mutu, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.