Hutu Ya Zo, Rana Ta Hana Fita: Me Za A Saya Wa Yara?

Assalamu alaikum. Tun da aka rufe makarantu saƙonni suke shigowa daga Makka da Jidda da Madina, kuma kusan duk kukan ɗaya ne: yara sun cika gida, waje ba ya fituwa saboda zafi, aljihu kuma ba nauyi. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Ina zaune a Misfala, Makka. Yarana huɗu, babban shekararsa 13, autar 4. Na kwashi adashi riyal 800. Maigida ya ce a sayi kwamfutar hannu irin su iPad don su riƙa kallon darasi, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Wanne ya fi?

Amsa: 'Yar uwa, zuciyarki ba ta yi miki ƙarya ba, sai dai kada abin ya zama rigima tsakaninki da maigida, shi ma alheri yake nema wa yaran. Ku zauna ku yi lissafi tare. Na'ura ɗaya, yara huɗu: babban zai riƙe, sauran su yi ta kawo ƙara, ke kuma ki wuni kina shari'a. Darasin da ake magana kuwa, tashoshin Ain na ma'aikatar ilimi suna nan kyauta a talabijin da YouTube, wayar da ke gidan ta isa a kalle su.

A ganina babbar matsalar hutun nan ba rashin kayan wasa ba ce, juyewar dare da rana ce. Sati biyu kawai sai ki ga yaro yana kwanciya bayan Asuba, ya tashi da La'asar ido a kumbure, ba karatu, ba cin abinci a kan lokaci. Na'ura a hannu ita ce ke ƙara rura wannan wutar. Saboda haka kafin ki kashe ko riyal ɗaya, ki tsara musu wuni bisa salloli. Daga Asuba zuwa hantsi lokacin hadda ne, kai na sanye, gari bai ɗau zafi ba. Yawancin masallatan unguwa suna da halƙar haddar Alƙur'ani, wasu ma sukan buɗe ta musamman don hutu. Maigida ya tambayi liman, ke kuma ki tambayi maƙwabta inda 'yan mata suke zuwa. Tsakar rana kowa yana ciki. Gwamnati da kanta takan hana ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Abin da aka hana ƙato majiyi ƙarfi, ba za a aiki yaro sayen burodi a cikinsa ba.

To, kuɗin fa? Ki raba su uku. Kashi ɗaya ki ɓoye, domin watan Agusta na tafe da jaka da takalmi da kayan makaranta na mutum huɗu. Kashi na biyu ki sayi abin da za a yi wasa da shi tare: allon kairam, wanda duk ɗan Hijaz ya sani kuma mutum huɗu ne ke zama a kansa, sai takardun zane, fensiran launi, almakashi mara tsini da gam. Waɗannan ƙananan ki neme su a shagunan kayan araha da ake kira abu riyalen, babu dalilin sayensu da tsada tunda ƙarewa za su yi. Littafi ne kaɗai zan ce ki je babban kanti kamar Jarir, ki bar kowane yaro ya zaɓi nasa da hannunsa, domin wanda ya zaɓa shi yake karantawa. Kashi na uku na fita ne.

Idan kuwa maigida ya dage, ki bi shi, amma da sharaɗi: na'urar ta zauna a falo, ba ta kwana a ɗakin yara, a sa mata manhajar ƙayyade lokacin kallo. Autarki kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a wuni.

Tambaya: Kakana daga Kano ya taso da ƙafa, ni a Karantina ta Jidda aka haife ni. Ina yi wa yarana Hausa, suna mayar mini da Larabci. Akwai manhaja ko littafin da zan saya musu a hutun nan?

Amsa: Alhaji, wannan tambaya ta taɓa ni ƙwarai. Iyayenmu sun ratso Barno da Wadai da Darfur, wasu sun yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago kafin su tsallako teku daga Sawakin, kuma harshen bai faɗi a hanya ba. Abin baƙin ciki ne a ce a falo mai sanyi zai faɗi.

Abin da kake nema ba a kanti yake ba. Idan akwai tsohuwa a gida ko a dangi, ita ce makarantar. Bayan Isha'i a kashe talabijin, ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su koyi cewa "Ta zo mu ji ta." Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa gundurar yaro ba. Ka ba babban ɗanka aiki: ya ɗauki muryar kakarsa a waya, kashegari ya zauna ya rubuta abin da ya ji. A nan yaranmu suna da wata dama da ba mu lura da ita: sun iya haruffan Larabci tun suna ƙanana, ajami kuwa da su ake rubuta shi. Yaron da ya rubuta tatsuniya ɗaya da ajami zai ga cewa Hausa ma harshen alƙalami ce. Wannan muryar da aka ɗauka kuma, wata rana za ku neme ta da hawaye, ku gode Allah da kuka ajiye.

Ka koya musu dara. Gurabunta 30 ne, layi biyar a shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Kwalin ƙwai mai cin 30 daidai yake da allon dara, ba ƙari ba ragi. Ɗaya ya riƙe ƙwallayen dabino, ɗaya murafan gorar ruwa, dokar wasan kuma ita ce ba a magana sai da Hausa. Haka a madafa: ranar Juma'a a yi waina ko a jiƙa zobo, uwa tana faɗin sunan kowane abu, yaro yana miƙowa. Ka gaya musu cewa sairiyyar da mutanen Makka ke layi a kanta tsirenmu ne, sunan ma bai yi nisa ba.

In dai sai ka sayi wani abu, ka nemi tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wadda maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina ta buga. Surar da yaro ya haddace da safe, ku karanta ma'anarta da dare. Roƙona ɗaya: idan ya karya Hausa, kada kowa ya yi masa dariya. Na ga yara da yawa da dariyar manya ce ta rufe musu baki, ba Larabci ba.

Tambaya: Mu shida ne a Makka, kuɗinmu na tafiya ɗaya ne. Madina a jirgin ƙasa, ko Ɗa'ifa a mota?

Amsa: Malam, a wannan zafin Ɗa'ifa zan ce. Jirgin Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, abin sha'awa ne ga yaro: hanya ce ta kusan kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Amma tikitin mutum shida zuwa da dawowa, ga masauki, zai cinye kuɗin duka, kuma Madina ma zafi take yi, Uhudu da Ƙuba ba za su zagu da rana ba. Ka bar ta sai hutun sanyi.

Ɗa'ifa ba ta kai kilomita 100 daga Makka ba ta hanyar Hada, tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, shi ya sa iskarta daban. Ku tashi bayan Asuba da abincinku da tabarma, ku dawo da dare, babu kuɗin masauki. A hanya ka ba su labarin zuwan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, garin, yadda aka jefe shi, da yaron nan Addas da ya kawo masa inabi. Ku yi salla a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, ku sayi rumman da inabi a kasuwa. Birai suna da yawa a hawan Hada, a rufe gilashi, kada yaro ya miƙa musu abinci. Takardun kowa su kasance a hannu. Abin da ya rage kuwa, wata yamma ka kai su unguwar tarihi ta Hira da ke gindin Jabalun Nur.

Tambaya: Ina so in saya wa yara kwamin wanka na roba, irin wanda ake hurawa, in ajiye a saman bene. Ya dace?

Amsa: Hajiya, ki saya, ƙarami, ba mai zurfi ba, kuma a yi wankan bayan La'asar. Amma ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, ba tare da kin ji motsi ba, don haka babba ya tsaya a kai, ba yayarsa 'yar shekara tara ba, kuma waya a ajiye ta. Da an gama a zubar da ruwan a kife kwamin. Ruwan da ya kwana shi ne gidan sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, wanda Jidda da Makka suka daɗe da saninsa.