Kun Tambaya, Mun Amsa: Karatun Ƙasar da Ake Gini a Kanta

Wasiƙun wannan makon duk sun zo ne kan injiniyancin ƙasa, wato reshen injiniyancin gine-gine da ke nazarin ƙasa da duwatsun da ake ɗora gini a kansu. Injiniyoyin da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne. Ɗana ya gama digirin injiniyan gine-gine, ya yi bautar ƙasa, muna sa ran ya kama aiki da 'yan kwangila, sai ya ce makaranta zai koma ya karanci ƙasa. Na ce ƙasar nan da muke nomawa? Don Allah ku fahimtar da ni, kuma ku gaya mini ko akwai abinci a ciki.
Daga wani dattijo a karkarar Ringim

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya yi wa yaron albarka. Ƙasar ce dai, sai dai shi ba yabanya yake nema a cikinta ba, so yake ya san nauyin da za ta iya ɗauka da yadda take canzawa idan ta sha ruwa. Kun riga mu sanin cewa jigawa daban, jangargari daban, dabaron fadama daban. Dabaro yana kumbura da damina, ya tsattsage da rani, shi ya sa ɗakin da aka gina a bakin fadama yake darewa ko da an zuba masa siminti mai yawa. Abin da kuka sani da ido, shi zai auna shi ya fitar da lissafi, ya ce a haƙa harsashi zuwa zurfi kaza, ko a kwashe ƙasar a cike da burji. Wani injiniya mai suna Karl Terzaghi ne ya kafa tushen wannan ilimi a 1925, kuma a yau babu gada ko babbar hanya ko dam da ya kamata a fara ba tare da shi ba. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 tarin ƙasa ne da aka daddaɓe, ba kankare ba. Manya sun tuna ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988, kowa kuma ya ga abin da ya sami Maiduguri a 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Masu wannan karatu su ne ake buƙata su riƙa duba irin waɗannan wurare tun ruwa bai ci su ba.

Hanyar ita ce digiri na biyu, wanda a takarda shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu amma yakan ɗara haka, sannan digirin dokta, aƙalla shekara uku. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna da wannan reshe, kuma Zariya ta daɗe da yin suna wajen binciken gyaran ƙasa. Wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama yana iya neman gurbin mataimakin malami, yana koyarwa yana karatu. Bayan jami'a akwai cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, da hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, da ma'aikatun ayyuka, da kamfanonin gwajin ƙasa.

Batun abinci kuwa, Baba, ba za mu ɓoye muku ba: a shekarun farko abokinsa da ya bi 'yan kwangila zai riga shi sayen mota. Albashin ƙaramin malami ba shi da yawa. Amma masu iya gwajin ƙasa da rubuta rahoton da za a dogara da shi ba su da yawa a yankinmu, kuma aikin yana biyo wanda ya iya. Ku ƙarfafa masa ya yi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, da zarar ya cika sharuɗɗa, domin sai da ita sa hannunsa zai yi nauyi a kan rahoto.

TAMBAYA: Ina digiri na biyu. Aikina shi ne ƙarfafa jangargari da tokar ɓuntun shinkafa da ɗan siminti domin hanyoyin karkara. Ina ɗebo tokar a wajen masu casa a Kura. Sakamakon gwajin CBR, mai auna ƙarfin ƙasa wajen ɗaukar nauyin abin hawa, ya ƙi tsayawa, yau ya hau gobe ya faɗi, malamina ya ce in sake daga farko. Ina matsalar take?
Daga wani ɗalibi, Kura

AMSA: Malaminka yana da gaskiya, ɗan'uwa, kuma ka fara zargin tokar. Tulin ɓuntun da ke cin wuta a bayan injin casa ba ya ƙonewa daidai: wani gefen gawayi ne baƙi, wani gefen ya ƙone ya wuce kima, ga yashi ya gauraye da shi. Abin da ake nema a tokar shi ne sinadarin silika da ke iya haɗuwa da sinadarin kalsiyam na siminti ya yi ƙarfi. Ana samun sa idan an ƙona ɓuntun a zafin digiri 500 zuwa 700. Idan zafin ya haura 800, silikar takan daskare ta koma kamar yashi, ba ta ƙara aikin komai. Don haka ka sayi ɗanyen ɓuntu, ka ƙona shi a tanderun ɗakin gwaji, ka yi duk abin da za ka buƙata a karo ɗaya, ka niƙa, ka tankaɗe da rariya mai ido 0.075 na milimita, ka ɗaure a leda biyu. Launinta ya zama toka-toka mai haske. Ka kai kaɗan a auna sinadaranta: silika da alumina da sinadarin ƙarfe in an haɗa su kai kashi 70 cikin 100. In kuwa manufarka ka gwada tokar da mutanen gari za su samu a sauƙaƙe, to ka faɗi haka a rubutunka, ka ɗebi buhunan da za su ishe ka rana ɗaya, ka cakuɗa su wuri guda.

Sai ƙasar. Ka kwashe ta sama mai saiwoyi, ka ɗiba daga zurfin rabin mita zuwa mita ɗaya, rami ɗaya, ka rubuta lambar GPS ta wurin. Ka shanya ta a inuwa. Kada ka busar da ƙasar da za ka daɓe a oba, domin zafin digiri 105 yana canza halin wasu nau'o'in jangargari har abada. Oba ta ƙaramin samfurin auna danshi ce kawai. Kuma kada ka sake amfani da ƙasar da ka riga ka daɓe, don burjin cikinta ya murmushe, ta zama wata ƙasar. A nan ɗalibai da yawa suke faɗawa saboda gudun komawa kududdufi.

Wajen daɓe, ka tsaya kan ma'auni ɗaya. Ƙaramin daɓe na Ingila a mazubi mai lita ɗaya shi ne guduma mai kilo 2.5, faɗowar milimita 300, hawa uku, bugu 27 kowane hawa. Na Afirka ta Yamma guduma mai kilo 4.5 ce, faɗowar milimita 450, hawa biyar, bugu 10. Mazubin CBR ya fi wannan girma, saboda haka yawan bugunsa daban ne, ka duba littafin ma'auni kada ka kwafo na ƙaramin. Abu mafi muhimmanci, toka tana shan ruwa. Duk lokacin da ka ƙara yawanta, danshin da ya dace da daɓe yana ƙaruwa, nauyin busasshiyar ƙasa yana raguwa. In ka yi amfani da ruwan da ka lissafa wa ƙasa zalla a kan haɗin da ke da toka kashi 6 ko 8, a bushe ka daɓe shi. Kowane haɗi sai an nemo masa nasa danshin. Kuma da ka zuba ruwa a kan siminti agogo ya fara tafiya: ka gama daɓe cikin awa ɗaya, ka rufe kwano da jiƙaƙƙen buhu, musamman lokacin hunturu da iska ke zuƙe danshi kana tsaye.

Bayan nan ka nannaɗe samfura a leda, ka gwada a kwana 7 da 14 da 28, samfuri uku-uku kowane haɗi. Ka tambayi mai kula da ɗakin gwaji yaushe aka yi wa zoben auna nauyi gyaran ma'auni na ƙarshe. Idan wuta ta ɗauke ƙasa tana cikin oba, kada ka dogara da awa 24, ka yi ta aunawa har nauyin ya daina sauka. Ƙa'idar hanyoyi ta tarayya tana neman CBR 30 ga shimfiɗar ƙasa bayan an jiƙa, da 80 ga ta sama. Wanda aka jiƙa shi ne gwajin gaskiya, tunda hanyoyin Kura da Bunkure a watan Agusta suke mutuwa.

Shawara ɗaya da ba ka tambaya ba: an yi rubuce-rubuce da yawa kan tokar ɓuntu, kusan duk a cikin ɗakin gwaji suka tsaya. In ka samu izinin mai unguwa da ƙaramar hukuma ka shimfiɗa ko da mita 30 a hanyar gona, ka bi ta damina ɗaya kana aunawa, ka lissafa kuɗin da ta ci, aikinka zai fita daban, kuma shi ne zai buɗe maka ƙofar dokta.

TAMBAYA: Babbar difloma nake da ita. Zan iya shiga harkar bincike?
Daga wani matashi, Kazaure

AMSA: Za ka iya. Sai ka fara yin diflomar gaba da digiri ta shekara ɗaya, sannan digiri na biyu. Amma ka bincika ƙa'idar jami'ar da kake son koyarwa a cikinta tun da wuri, don da yawa suna neman digirin farko ga malamansu. A kwalejin kimiyya da fasaha hanyar ta fi sauƙi. Kada kuma ka raina aikin mai kula da ɗakin gwaji. COREN tana da rajistarsa ta musamman, kuma duk binciken farfesa ta hannunsa yake bi.

TAMBAYA: Ni mace ce, na karanci ilimin duwatsu da ma'adinai. Duk damina jingar da ake yi wa garinmu sai ta ɓalle. Ina son yin bincike a kan haka, kuma ina neman tallafin karatu. Ta ina zan fara?
Daga wata 'yar'uwa, yankin Auyo

AMSA: Madalla, 'yar'uwa, kin zaɓi abin da ake da buƙatarsa. Karatunki yana kai ki reshen nazarin ƙasa domin aikin injiniya, wanda ake yi a sashenku na ilimin duwatsu, rajistarki kuma ta COMEG ce, hukumar injiniyoyin ma'adinai da masana ilimin duwatsu. Yankinki yana kan shimfiɗar Chadi, yashi da laka hawa-hawa, ba kamar kudancin Kano da ke kan dutse ba, ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa tana sa kogi tumbatsa. Ambaliyar 2022 ta nuna girman matsalar.

Jinga ba sai ruwa ya haura ta take ɓallewa ba. Sau da yawa ta ƙarƙashi ake cin ta: ruwa ya sami jijiyar yashi ko ramin gafiya ko ruɓaɓɓiyar saiwa, ya riƙa tsattsafowa ta bayanta yana kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan har ya buɗe kafa. Alamar ita ce launin ruwan. In garau yake fitowa da sauƙi, in ya fara fitowa da laka ko yana tara yashi kamar gidan tururuwa, to jingar tana zubewa daga ciki. Ba a toshe irin wannan idon, ana kewaye shi da buhunan yashi ne har ruwan ya taru ya rage ƙarfin fitowarsa. Sauran kurakuran sanannu ne: a zuba ƙasa tuli guda ba a daɓe ta hawa-hawa na santimita 15 zuwa 20 ba, a miƙar da gefen kamar bango maimakon kwanciyar mita biyu zuwa uku ga kowace mitar tsayi, a haƙi ƙasar cikon a gindin jingar.

Binciken ba ya bukatar manyan injina. Da abin huda ƙasa na hannu za ki ɗebi samfuri duk rabin mita. Da ƙarfen DCP, wanda ake bugawa cikin ƙasa da guduma mai kilo 8, za ki gano inda daɓe bai kama ba. Na'urar auna juriyar ƙasa ga lantarki, wadda masu neman ruwan burtsatse ke amfani da ita kuma kin san ta, za ta nuna miki jijiyoyin yashi. Bututun roba mai ƙananan huji da aka binne a bayan jinga ya isa ya nuna hawa da saukar ruwan ƙasa, in an samu wanda zai auna kowace safiya ya rubuta a littafi. Ki fara gaida hakimi da dagaci, ki zauna da masunta da manoman fadama, su ne za su kai ki wuraren da ta saba ɓallewa.

Game da kuɗi, tallafin asusun ilimi na TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, sai kin kama aiki. Waɗanda kowa ke iya nema sun haɗa da na asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, da Commonwealth na Birtaniya, da DAAD na Jamus, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Sharuɗɗansu suna canzawa duk shekara, ki duba a shafinsu na intanet da kanki, kada ki biya kowa kuɗin fom. Idan za ki rubuta wa farfesa, ki karanta aikinsa biyu tukuna, wasiƙarki kada ta wuce shafi ɗaya, ki haɗa da taswira da alƙaluman da kika tattara. Ki guji mujallar da za ta ce ki biya ta buga miki cikin mako guda, don kwamitocin tallafi sun san su. Aikin fili kuma ki fara shi a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwa ya janye kuma tsagewar jinga tana bayyane, bututanki su riga ruwan farko shiga ƙasa.