Keken Baba na tsere: amsar da Kawu mai gyaran keke ya turo wa ƙanensa na Jega

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, murya za ni yi, don in na ce in rubuta wagga magana har la'asar ban ƙare ba, ga hannuna duk baƙin mai.

Ƙanena na Jega, na ji tambayarka. Ka ce kun buɗe ɗakin marigayi Baba, Allah shi jiƙan shi, kun iske tsohon keken tsere Peugeot rataye, mai kai irin ƙahon rago. Ɗan gwangwan ya taya, wani kuma ya ba ka shawara ka kai a yi mashi fenti shi fito fes kahin ka sa shi kasuwa. Kana tambaya wanne za ka yi. To ko ɗaya kada ka yi tukuna, don Allah.

Fentin nan shi za ni fara da shi, don ni ya taɓa ci. Shekarun baya, lokacin da kayan Kwatano ke shigowa ta Kamba babu wahala, na tsinci wata Bianchi cikin tarin kekunan makaranta. Launinta wanga shuɗi-shuɗi kore-kore da anka san kamfanin da shi, duk ya koɗe. Nic ce bari in gyara ta, nik kai anka kankare ta, anka fesa mata ja mai ƙyalli. Wani mutum yaz zo daga Abuja musamman, yad dube ta, yash shafa, yac ce, "Malam, ina shaidar ita ce?" Ban da amsa. Rubutun ya tahi, tambarin ya tahi. Kuɗin da nis samu bai kai na rabin buhun shinkafa ba, ga kuɗin fenti na biya. Wanda ya san keke, wanga tsohon fentin da 'yan takardun da ke manne su yake saye, ko sun koɗe.

Don haka ɗauko tsumma da ruwan sabulu kawai. Ka goge bututun da ke ƙarƙashin sirdi a hankali, ka duba 'yar takardar da ke nan. In ka ga an rubuta Reynolds 531, zauna da kyau. Ƙarfe ne na Ingila da anka fara yi tun 1935, ga ƙwari ga rashin nauyi, kuma a da shi Peugeot ke sa wa babban kekensu PX-10. Da keken Peugeot Bernard Thévenet ya ci tseren zagaye Faransa a 1975 da 1977. Eh, Fijo dai da kunka sani ta 504, ai sun fara keke tun 1882, kahin su taɓa yin mota. In kuwa ka ga Carbolite 103, keken talaka ne, yana da daɗin hawa amma ba shi da wani kuɗi. Gaskiya mafi yawan waɗanda ke faɗowa hannunmu irin su ne, kada in sa maka rai.

In takardar ta goge, ɗaga shi da hannu ɗaya. Na kirki wajen kilo 10 ne. Ka ɗan ƙyasta bututun da farce, mai kyau za ka ji ya yi ƙara siririya kamar ka taɓa kofin gilashi, na banza kuwa dum za ka ji. Dubi hannun feda kuma. In ƙarfe ne da anka ɗaure da 'yar kusa kamar na Raleigh ɗin kakanninmu, ƙaramin keke ne. In farin alminiyam ne an rubuta Stronglight, to madalla.

Sai wurin da dillalai ba su son ka duba. Sa yatsa ƙarƙashin bututun nan da ya gangaro daga wuya, daidai bayan kai, ka shafa. In ka ji ɗan tudu, ko ka ga fenti ya tsage a zagaye, an taɓa yin karo da shi ta gaba, jikin ya lanƙwashe. Wanga ba ya gyaruwa a wurin mai walda na bakin hanya. Sannan ka kwance notin sirdi ka murza. Sandar alminiyam in ta shekara talatin cikin ƙarfe babu giris, aure suke yi wanda ba saki. In ta ƙi, ɗiga mata mai ka bar ta kwana uku, huɗu. Kada ka sa guduma.

Kuma kada ka bari yaron bakanike shi taɓa boris ɗin tsakiya, inda hannun feda ke juyawa. Mi ya sa? Zaren noti na Faransa daban, na Ingila daban, na Italiya daban. Ido ba ya ganewa, sai an tura da ƙarfi zaren ya cinye, shi ke nan an kashe keke. Feda ma hakanan take. Taya kuma kada ka ɓata kuɗinka. Ta kasuwarmu mai lamba 28, ta Phoenix da Raleigh, ba ta hawa. Ko tsakanin kekunan tseren akwai 27 akwai 700, bambancinsu milimita 8 kacal, 630 da 622, amma wagga ba ta zama wurin waccan. Karanta lambar da ke jikin tsohuwar tayar, ka bar mai saye shi nemo da kanshi.

Yanzu maganar kasuwa. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 keke ya yi daraja, gaskiya ne, amma wane keke? Mutumin Jega ko Aliero mai kariya yake so, wanda zai ɗaura buhun albasa. Ka nuna mashi wanga mai siririyar taya, ba madgad, sai an duƙa kamar mai ruku'u, dariya zai yi maka. Ga ƙaya, ga rairayi. Mai sayenka yana Abuja ko Legas, cikin masu fita motsa jiki da safe, ƙalilan daga cikinsu da ke son tsohon ƙarfe. Turawa ma har biki suke yi a Italiya, L'Eroica, tun 1997, inda ba a shiga sai da irin waɗanga tsofaffin, masu giya a jikin bututu. Amma kada ka yi mafarkin aika keke can, kuɗin jirgi ya cinye shi da kai.

Abin da nike yi, in jikin lafiya lau ne kuma 531 ne, ba ni raba shi, ɗungurungum nike sayarwa. In jikin ya lanƙwashe, sai in kwance kayan ɗaya-ɗaya. Giya in Campagnolo ce ko Shimano 600, birki Mafac, sirdin fata Brooks, kowane ana nemansa shi kaɗai, kuma cikin ɗan kwali suke tahiya. Giyar Simplex mai baƙar roba dai ka duba ta da kyau, tsagewa take yi. Ko 'yan notin kada ka yar, sa su cikin gwangwanin madara.

In ka sa a Facebook ko Jiji, faɗi aibin da kanka, ka ɗauki hoton tsatsar ma. Kuma kada ka kai kaya tasha don an turo maka hoton alat, buɗe asusunka ka ga kuɗi da idonka.

Af, kahin komai, kayan gado ne fa. Ka sanar da sauran magada da Inna, kada gobe a ce ka sayar a ɓoye.

Turo mani hoto huɗu: takardar ƙarƙashin sirdi, giyar baya, hannun feda, da ƙasan keken inda lamba take. Ka fito da shi waje cikin haske, kada ka ɗauka cikin zaure. Ga wani ya shigo da faci, sai na ji ka.