Shin duk lambar da ta ƙare da 3 ninkin 3 ce?

Tambaya: Malam, ɗana yana aji shida na firamare a nan Agege, bana zai zauna jarrabawar shiga sakandare. Na duba littafinsa na ga ya rubuta 13 da 23 a jerin ninkin 3, ya ce malamin lesin ne ya ce a duba lambar ƙarshe kawai. Hankalina ya tashi, ga kuɗin lesin ina biya duk wata.

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya ki damu. Wannan dabarar ta duba wutsiyar lamba ita ce ciwon da nake fama da shi kullum a aji, kuma masu lesin na bayan layi ne ke yaɗa ta, wai gajeriyar hanya.

Dabarar tana aiki a kan 2 da 5 da 10, domin goma tana rabuwa da su ba ragowa, saboda haka gommai ba sa kawo cikas, lambar ƙarshe ce ke yanke hukunci. Goma kuwa ba ta rabuwa da 3, ɗaya ke saura. Shi ya sa a 3 ake tara lambobin duka, a ga ko jimillar tana rabuwa da 3: 51, biyar da ɗaya shida, ninki ne, 3 sau 17. Amma 23 ta ba da biyar, ba ta shiga. A 4, lambobi biyu na ƙarshe ake dubawa tunda 100 ita ce 4 sau 25: 316 ta shiga, 34 ba ta shiga ba duk da 4 ɗin da ke bayanta. Yaron da aka cusa wa waccan ƙaryar zai karɓi 14 a ninkin 4, 26 a ninkin 6, 27 a ninkin 7, inda ba gurbinsu ba, ya kori 51 mai gaskiya daga ninkin 3, kuma ya yi hakan da ƙwarin gwiwa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Masu tsara jarrabawa sun san wannan tarkon sarai, cikin zaɓin amsa suke dasa shi.

Yau da dare ki ƙirgo masa ƙwayar wake 23, ya kasa uku-uku kamar 'yan tumatir a kasuwar Mil 12. Kashi bakwai zai samu, biyu su rage a hannunsa. Sai ki ba shi 51.

Shi kuma malamin, ki tambaye shi dalilin da ya sa 51 ta zama ninkin 3. In ya fara kame-kame, ki riƙe kuɗin watan gobe.