Kurkur da ciwon asma: amsoshin likita

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara 9 yana da asma. Da hunturu ya kama sai ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar kyanwa cikin dare. Ƙanwar mijina ta turo mini saƙo a WhatsApp wai an gano maganin asma a cikin kurkur. Gaskiya ne? Daga Maman Abba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Abba, Allah ya ba yaro lafiya. Maganar tana da tushe, amma an yi mata gishiri. A cikin kurkur, wanda wasu ke kira gangamau, akwai sinadarin kurkumin, shi ne ke rina hannu da ludayi su yi ɗorawa. Ita kuwa asma irin ta Abba, wadda ƙura ko hayaƙi ko kyankyaso ke tayarwa, asalinta kumburi ne a cikin hanyoyin iska na huhu: su kumbura, su cika da majina, su tsuke. Masu bincike sun gwada kurkumin a kan ɓeraye da aka sa wa asma da gangan, wasu ma ta hanci aka ɗiga musu a Jami'ar Banaras ta Indiya, kuma kumburin ya ragu.

To amma ɓera daban, Abba daban. Gwajin da aka yi wa mutane kaɗan ne, kuma ƙanana. A Indiya, a 2014, an ba manya masu asma miligiram 500 sau biyu a rana har kwana 30. Awon numfashinsu a na'ura ya ɗan gyaru, amma tari da kukan ƙirji ba su nuna wani bambanci na a zo a gani ba. A Barazil kuma an ba yara garin kurkur tsawon wata 6, aka ga sun rage farkawa da dare, sai dai yaran ba su kai ko 100 ba. Abin da saƙon WhatsApp bai gaya miki ba shi ne, a duka gwaje-gwajen biyu ba wanda aka karɓe wa maganinsa na asibiti. Ƙari aka yi a kai.

Ni da za ki ji tawa, ki fara da ɗakin da yake kwana. Ki fitar da kaskon turaren wuta, ki daina kunna maganin sauro mai hayaƙi, ki sa masa gidan sauro. Shara kuma a yayyafa ruwa tukuna, kuma a yi ta ba ya nan.

Tambaya: Likita, na ajiye abin shaƙata na asma wata biyu ke nan, saboda an ce jiki na sabawa da shi. Yanzu kurkur da zuma nake sha kullum da safe. Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malam, don girman Allah ka ɗauko shi yau. Wannan magana ta sabo ta kai mutane da yawa gadon asibiti. Na taɓa karɓar wani matashi da ƙarfe biyun dare, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa na hawa da sauka, ko sunansa bai iya faɗa a numfashi ɗaya ba. Da muka tambayi ɗan'uwansa ina abin shaƙarsa, sai ya ciro gorar jiƙo daga aljihu.

Abin shaƙa iri biyu ne. Shuɗin nan, salbutamol, da aka fi sani da Ventolin, yana buɗe hanyar iska cikin 'yan mintoci. Ɗayan, mai sitiroyid irin su bekulometason, shi ke kashe kumburin a hankali, kuma shi ne ke hana ciwon tashi. Tun 2019 ƙa'idojin kula da asma na duniya suka daina yarda babba ya dogara da shuɗin kaɗai. Kurkur ba ya aikin ko ɗaya daga cikinsu. Kurkumin ɗin da ke cikin garin ma bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin 100 ba, wanda ya shiga ciki kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai, hanta ta yi maza ta fitar da ragowar. Ka sha abinka da zuma in yana maka daɗi, amma ka koma wurin likitanka a duba ka.

Tambaya: Na sayi kurkumin na kwalba mai haɗe da barkono baƙi, an ce ya fi ƙarfi. Ina kuma shan warfarin, maganin tsinka jini. Daga Hajiya, zangon Kumasi.

Amsa: Hajiya, ki dakata da shi. Gaskiya ne ya fi ƙarfi: wani gwaji a Bangalor a 1998 ya nuna sinadarin barkonon, wanda akwai shi a masoro ma, yana ninka kurkumin da ke shiga jini kusan sau 20. Nan kuma matsalar take. A Italiya, a 2019, an samu mutane da dama da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, an kuma ga irin haka a Amurka. Ga mai shan warfarin, kurkumin na iya ƙara tsinka jini. In kin ga idonki ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko dasashi na jini, ki tafi asibiti a ranar, ki riƙe kwalbar a hannu.

Tambaya: Ina da ciki wata 5, ina da asma. Zan iya cin shinkafa mai kurkur? Daga wata baiwar Allah, Katsina.

Amsa: Ci abinki, wanda ake barbaɗawa a tukunya ba komai. Na kwalba ne ban yarda ba. Kuma kada ki ajiye abin shaƙarki saboda cikin, domin in numfashi ya yi miki wuya, jaririn ma iskarsa ta ragu. Allah ya sauke ki lafiya.